Ku Faɗa Mini Abin Da Kuka Gani a Jinina

Zuwa ga Shugaban likitocin da suka yi bincike a kan jinin masu ciwon zuciya a asibitinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ni manomi ne daga Ɗanzomo, kuma dillalin shanu a kasuwar Maigatari. Na rubuto a fili ne saboda na yi ta zuwa ofishinka ban same ka ba.

Na farko. Bara bayan girbi na faɗi a kara, wajen sayar da shanu, ina tsaka da ciniki. Ƙirjina ya ɗaure, gumi ya rufe ni. Abokan sana'a suka kawo ni asibitinmu na Gumel, aka ce jijiyar zuciyata ce ta toshe. An kula da ni yadda ya kamata, wannan ba na musu, Allah ya saka.

Na biyu. Ina kwance wata likita daga cikinku ta zo ta zauna kusa da ni, ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce idan zuciya ta ji rauni, jiki yakan yi wani kumburi na ciki wanda ido ba ya gani, amma yana barin alama a jini. Ta ce wanda alamar ta yi yawa a jininsa ya fi zama cikin haɗarin ciwon ya dawo masa, kuma kuna so ku auna ku gani. Na tambaye ta ko za a faɗa mini nawa sakamakon, ta ce in sha Allahu. A kan wannan alkawari na miƙa hannuna. Bayan an sallame ni, duk ranar da kuka sa na baro gida na zo aka sake ɗiba, amma har yau ba a faɗa mini sakamakon ba.

Na uku. Gadon da ke kusa da nawa na Malam Jauro ne, makiyayi daga wajen Gagarawa Tasha. Ciwonmu ɗaya, shi ma an ɗebi jininsa. Mun saba sosai, har fura iyalinsa suke damawa da ni. Da ya ji sauƙi ya koma bin shanunsa, domin ba wanda ya ce masa kada ya koma. A daji ciwon ya sake kama shi, kafin a samo mota ya cika. Da na je ta'aziyya, matarsa ta aiko daga cikin gida a tambaye ni ko ni an faɗa mini abin da aka gani a jinina.

Ranka ya daɗe, ban ce ku kuka kashe shi ba. Kwana idan ya ƙare ba likitan da zai ƙara shi. Wani ma'aikacinku ma ya ce mini gwajin ba duban gaibu ba ne, hasashe ne kawai, kuma binciken bai kammala ba. Na yarda. Amma manomi ma da hasashe yake shuka, yana kallon hadari. Idan kun hango wani abu a jinin Jauro, shi ya fi kowa cancantar ya ji.

Ga abin da nake roƙo. Ku kira duk wanda kuka ɗebi jininsa, ku faɗa masa abin da kuka gani da ma'anarsa, da bakin da zai gane. Wanda alamarsa ta yi yawa, ku gaya masa aikin da zai rage da lokacin da zai dawo a duba shi. Iyalan waɗanda suka rasu kuma ku aika musu da bayani, ko da na ban haƙuri ne.

Damina ta matso. Ƙanena yana jira in ce masa ko ni zan noma gonata ko in ba shi aro. Ba na tsoron jin gaskiya, na fi tsoron in ɗauki garma cikin rashin sani, ina da 'ya'ya ƙanana.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa aikinku ya amfani na baya, ya jiƙan Malam Jauro.

Wassalam.

Naka,
Haruna Dillali, Ɗanzomo.