Gefen Mama

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Mama ta sake ɗaure kayanta. Karo na uku ke nan tun da na ɗauko ta daga Nok a watan Fabrairu, bayan hawan jini ya kayar da ita a gonar citta, ta yi awa biyu a ƙasa kafin a gan ta. Na kwance kayan na mayar cikin akwati. Ko kallona ba ta yi ba.

Yaya Kaleb ya kira. Wai Baba Kumai, ƙanen marigayi babanmu, ya sa taron iyali ranar 19 ga wata, a nan gidana. Abin da aka yanke shi za a bi: ko ta zauna nan Kafanchan kusa da asibiti, ko ta koma ƙauye. Kaleb yana goyon bayan komawa. Shekara goma sha ɗaya ina horar da 'yan muhawara a makarantarmu, kofi huɗu muka ɗauko. Kaleb kuwa ko sanarwa aka ba shi a coci sai rigarsa ta jiƙe da gumi. Ba na jin ko ɗar.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na tsara hujjojina yadda nake koya wa ɗalibai. Uku kawai, don mai sauraro ba ya riƙe huɗu, mafi ƙarfi kuma a ƙarshe. Magani: a nan da hannuna nake ba ta. Hanya: in abu ya faru da damina, a bayan mashin za a kawo ta? Sai awa biyun nan na gona. Wannan a hankali zan faɗa, in yi shiru, in bar shi ya shiga jikinsu.

Maigidana Dickson ya leƙa takardar ya ce, "Hulda, mamanki ne fa, ba kotu ba."

Juma'a, 11 ga Oktoba

Awon jininta 148 a kan 90. Ta bar rabin tuwonta, kamar kullum.

Talata, 15 ga Oktoba

Na yi wa Jacinta faɗa a wurin atisaye, ita da take kan gaba a cikin 'yan muhawarata. Ƙa'idata ɗaya ce, kowa ya san ta: kafin ka rushe maganar abokin karawarka, sai ka maimaita ta da bakinka har ya ce e, haka yake nufi. Ita kuwa ta karkatar da maganarsu ta zama shirme, sannan ta hau kai tana murna. Ta ce, "Ma, in na faɗa nasu da kyau, ai sun ci ni." Na ce in hujjarki ba za ta iya tsayawa gaban tasu ta ainihi ba, da ma ba ki da hujja.

A cikin keke, kan hanyar gida, abin ya tsaya min a rai. A takardata gefen Mama layi ɗaya ne: kewar gida da taurin kai. Da Jacinta ce ta kawo min wannan, da na mayar mata da takardarta.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na tambayi Mama dalilinta. Ba don komai ba, don in san inda zan sara. Tana tsince acca a faifai. Ta amsa min, rabi da harshenmu na Ham, rabi da Hausa.

"Safe ki tafi, Dickson ya tafi, ku kulle get. Ni da talabijin." A Nok shekara talatin ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. A cocinmu nan da Turanci ake yi. "Ina tafa hannu kawai kamar baƙo." An binne ƙawarta Milka a watan Yuni, na hana ta zuwa saboda hanya, har na manta na yi hakan. Ita ba ta manta ba. Kabarin Baba yana bayan gida, ta ce ciyawa ta rufe shi, ta sani ko ba a gaya mata ba.

Na kawo zancen gona. Ta ajiye faifan ta ce, "Wancan awa biyu ne, aka gan ni. A nan wata takwas ina kwance, ba wanda ya gani."

Na rubuta duka. Nata shafi biyu, nawa rabin shafi. Ba tsawo ke cin muhawara ba, ni da kaina nake gaya wa ɗalibai.

Asabar, 19 ga Oktoba

Baba Kumai ya buɗe da addu'a. Kaleb ya tashi, ya share gumi, ya ce, "Mama yana so gida, a bar shi ya tafi." Ya zauna. Ko minti ɗaya bai cika ba.

Sai ni. Na bi ƙa'ida, na fara da gefenta, da Ham ɗina mai tuntuɓe don ta ji sosai. Get, waƙa, Milka, kabari. Da na kai ga wata takwas ɗin nan muryata ta karye. Wannan ba ya cikin shiri. Na yi tambayar da nake sa ɗalibai su yi: "Haka ne, Mama?"

Ta kalle ni cikin ido, rabon da ta yi haka tun Fabrairu. Ta ce, "Haka ne, 'yata. Ashe kin ji."

Baba Kumai ya ce, "To, Malama, sai naki." Na dubi takardar. Ɗaya, biyu, uku, duk gaskiya ne, babu wanda ya canza. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa zai riƙa auna mata jini?" Tamar, matar Kaleb, ta ce in na koya mata za ta yi. Aka rufe da addu'a.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Dickson yana ta tsokana wai Kaleb ya kayar da mai kofi huɗu. Ba Kaleb ba ne.

Asabar, 26 ga Oktoba

Mun kai ta. Na koya wa Tamar na'urar awo sau uku har ta gaji da ni, na ƙulla magani a leda, kowace rana da tata. Mama ko zama ba ta yi ba ta ce a ba ta fartanya. Ta zaga bayan gida.

Ina jin tsoro. Gara in rubuta shi a nan tunda ba zan faɗa wa kowa ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Har yau babu wanda ya rushe hujjojina, kowa ya sani. Suna nan cikin jaka, wayata kuma ba ta barin hannuna ko a aji.

Tamar ta kira da rana. 148 a kan 90, bai sauka ba ko kaɗan. Na fara cewa ai da ma na faɗa. Sai ta ce, "Anti, a ƙara masa tuwo? Ya cinye, yana neman ƙari."

Na ce a ƙara mata.