Sarma Uku da Rabi

Nish, 22 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga yayana Vukashin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Slavica da yara, da fatan zafin Melbourne bai ƙona ku ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan kalau muke. Maigidana Miodrag ya ƙara tumbi, 'yan matanmu biyu suna makaranta, Goggo Leposava kuma tana nan da mitarta. Mama ce dai sai a hankali. Jikinta garau, amma mantuwa ta yi mata yawa, jiya sau uku tana tambayata sunan maƙwabciyarmu. Likita ya ce abin gaba zai yi, mai yiwuwa baɗi war haka ba za ta gane fuskokinmu ba.

Ka san Mama ba ta taɓa rubuta girkinta ba, duk a hannunta yake. Shi ya sa na ƙwace kwamfutar nan da Miodrag ya sayo wai don aiki, alhali wasan harbin jirage yake yi da ita. Abokinsa ya naɗo mana wata manhajar girki a kaset. A haɗa da talabijin, a jira minti biyar tana ƙara kamar ƙyauren da ya yi tsatsa, sannan ta buɗe. Miodrag ya ce ba zan iya ba. Yanzu shi yake tambayata inda ake dannawa.

Matsalar ita ce na'urar giram take so, Mama kuwa ba ta san wani awo ba sai tafin hannu da tsohon kofin Baba. Sai na ajiye sikeli a gabanta, duk abin da ta ɗebo ta fara zuba shi a kai, in rubuta. Ta ce na mayar mata da kicin kantin magani. Duk da haka girki goma sha tara sun shiga kaset, kuma na dafa takwas ni kaɗai. Goggo ta ɗanɗana ba ta ce uffan ba, ka kuwa san wannan yabo ne.

Ranar Lahadi muka zo kan sarma. Na auna shinkafa da nama da ganyen kabeji mai tsami, Mama ta naɗe guda ashirin da ɗaya kamar kullum. Na'urar ta tambayi mutum nawa tukunyar take ciyarwa, na ƙirga mu a tebur na danna shida. Sai ta nuna kowa sarma uku da rabi. Miodrag ya fashe da dariya, wai ga injin da nake taƙama da shi ya fara raba sarma biyu. Na ce masa injin bai iya ƙarya ba, akwai dai dalili. Mama ta leƙo talabijin ɗin ta ce, "Wa ya ce miki shida, Radojka? Uku uku ake ci a gidan nan tun Babanku na da rai. Mu bakwai ne." Ta shiga lissafawa da yatsu. Sunayen jikokinta sai da na tuna mata, naka kuwa shi ta fara faɗa.

Yaya, shekara goma sha ɗaya ke nan tun tafiyarka, kullum sarma uku suna kwana a tukunya, washegari Miodrag ya share su, ban taɓa tambayar dalili ba. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Saboda haka ba roƙonka nake yi ba, sanar da kai nake yi. Bikin waliyyin gidanmu ranar ashirin ga Janairu ne, kamar yadda ka sani. Na riga na tsara girkin, na'urar ta fitar mini da jerin cefane. Ka nemi hutu yanzu, kada ka ce sai wani bikin. Girkin Mama na adana shi, ba zai ɓata ba, amma ita ba ni da kaset ɗin da zan sa ta.

Ka gaishe mini da Slavica, da Nebojsha, da ƙaramar Gordana. Miodrag yana gaishe ka, ya ce ka yafe masa rabonka da ya daɗe yana ci. Na goge shida na rubuta bakwai, kuma ba zan sake gyarawa ba.

Ƙanwarka mai jiranka,
Radojka