Radish ɗin Kaka Ya Shiga Rami

Aikin farko yau: haƙa ramin radish, saiwar nan mai kama da farin karas, a bayan kicin.

Zuwa ga Yaya Tae-sik,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, zafin Brazil bai galabaitar da ku ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a shago. Mu nan sanyi ya sauka, ruwan randa ya fara daskarewa da safe. Baba da sauƙi. Hannun da ya shanye ya fara riƙe cokali, maganar ce dai har yanzu da ƙyar.

Bana ni ce da gonar radish, karo na farko ba tare da Baba a kaina ba. Ka san irinmu, wanda Kaka ta ɗauko daga arewa a ƙulle cikin zanenta lokacin yaƙi, ba a sayar da shi a kasuwa. Ragowar irin da ke cikin tulu ɓera ya cinye, don haka abin da ke ƙasa shi ne kawai. Sai an zaɓi masu kyau an binne su da kawunansu, a dasa idan ƙanƙara ta narke, su yi fure su ba da iri. Na san wannan, amma ina ta kokwanton wane zan zaɓa, na ce bari sai an gama tuge duka.

Jiya na kai Baba asibiti. Kafin mu dawo, mijina Bong-su ya ce zai rage mini aiki. Ya ɗauki wuƙa ya datse kawunan radish ɗin da muka tuge kaf, yadda ake yi wa na ci don kada su tsiro a rami su zama soso. Ya jera su tsaf, yana murmushi yana jiran yabo. Yaya, na bincika, babu ko ɗaya da ya rage na iri. Baba ya dubi tulin ya shige ɗaki.

Da safen nan ina cikin haƙa sai na tuna da Gwaggo Ok-bun, maƙwabciyarmu. Shekaranjiya ta shigo gonar babu ko sallama, kamar kowace shekara, ta cika kwando da manya-manyan, da ganyensu don miya. Ranar har da na yi ta mita. Na jefar da shebur na ruga gidanta. Na same su a inuwa, ba ta taɓa su ba. Ta yi dariya har da hawaye, wai yau ɓarauniya ce ta zama ma'aji. Wai in gaya wa angona, mutumin birni, ya koma yankan farce. Ta ce in ɗauka, amma baɗi kwando biyu za ta cika, kada ta ji ko tari.

Na kawo wa Baba. Ya shafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya da hannun nan mai ciwo, ya ture ƙananan gefe, ya ce mini, a fili, in binne da zurfi. Na shimfiɗa karan shinkafa, na jera su, na rufe da ƙasa. Ko zurfin ya isa? Ban sani ba, na auna na sake aunawa. Amma suna ciki, kuma da ransu. In an dace, zan aiko maka da hoton furensu.

Ka gaida Yaya Hye-ran da su Min-jae, da Kawu Pil-gu in kun haɗu. Bong-su yana gaisuwa, kansa a ƙasa.

Ƙanwarka,
Jeong-im

Na gobe:
Rataye ganye a ƙarƙashin rufi ya bushe.
Ƙara ƙasa a kan rami kafin dusar ƙanƙara.
Mayar wa Gwaggo kwandonta, a cike.
Ɓoye wuƙar Bong-su.
Wanke tulun iri, a yi masa murfi. Baba ya ce shi zai zuba.