Kiɗan Isra'ila a Rumfar Yaya Bukar

Zuwa ga Yayana Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan wannan saƙo zai riske ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda Allah Ya ajiye ka. A shafina na intanet na rubuta shi, inda kowa zai gani, domin lambarka ta Omdurman ta daina shiga tun farkon yaƙin Sudan, kuma ban san wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Masu karatu su yi mini uzuri, maganar gida ce.

Ina nan Gashuwa, ina aikina a ɗakin gwajin jini na asibiti. Ɗaki ɗaya nake haya kusa da hanyar kogi. Da safe in na shiga Keke Napep sai in sa abin sauraro a kunne ƙarƙashin hijabi. Matan da ke gefena suna ganin ina gyaɗa kai, su ɗauka wa'azi nake ji. Da sun san abin da ke kunnena, da sun matsa.

Ka tuna ranar da na fara jin sa? Inna ce ta aike ni da abincinka zuwa rumfarka ta gyaran rediyo da lasifika, can bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Wani mai fataucin shanu daga Kumagannam ya kawo maka wayar da ya saya a hannun wani da ya dawo daga Libiya, ka tarar da waƙoƙi a cikinta. Ka jona ta da babbar lasifikar da kake gwadawa. Abin da ya fito kamar injin niƙa ya haɗiye dutse, ga wani ƙato yana gurnani a kai. Na ajiye kwano zan gudu, ka ɗaga mini hannu, ka ce, "Falmata, jira. Ba a yi wa kogi hukunci daga gaɓa."

Na jira. Sai rugugin ya lafa, wani molon Larabawa da ake kira udu ya shigo a hankali, muryar mace ta bi bayansa da wani harshe mai kama da Larabci amma ba shi ba. Tsigar jikina ta tashi. Masu bandar kifi da ke rumfar gefe ma sai da suka juyo suna saurare.

Daga ranar ba ka huta ba. Ka yi ta zarya shagon intanet da ƙamus a hammata har ka gano su wane ne, kuma duk abin da ka tono, ni kake juye wa, don babu mai saurarenka sai ni. Ka ce samarin Isra'ila ne, sun haɗa ƙungiyar tun suna 'yan makaranta, suna kwaikwayon kiɗan metal na Turawa, mai ƙarar jita da gurnani. Sai daga baya suka lura kowannensu yana da kiɗan da ya taso yana ji a gidan kakanninsa, waɗanda da yawansu daga ƙasashen Larabawa suka zo. Suka ɗauko udu da gangunan gida suka zuba a cikin rugugin. Suna waƙa da Ibrananci da Larabci da Turanci, kuma waƙarsu guda sai ta yi tsawo tana sauya hanya kamar ruwan fadama da damina. Har labarin ruwan Ɗufana suka mayar da shi kiɗa, daga gargaɗi har saukar jirgi.

Wurin da ka fi so a tarihinsu shi ne shirun da suka yi. Shekaru suka watse, kowa ya kama gabansa, har aka ɗauka sun mutu murus. Saƙonnin samarin Larabawa ne suka tashe su, yaran da ke jin su a ɓoye a ƙasashen da ba a ko ambaton sunan ƙasarsu. Tun da su ba sa iya shiga can, masoyan kuma ba sa iya zuwa wurinsu, sai ake haɗuwa a Turkiyya, Balarabe da Bayahude da mutumin Iran a fili ɗaya suna rera baiti ɗaya. Duk sanda ka zo nan a labarin sai ka ajiye sukuddireba, idonka ya yi ja.

Inna kuwa cewa take, "Wannan ba waƙa ba ce, aljanu ne ke rabon gado." Amma in udun ya shigo sai ta dakata da tankaɗe, ta ce ya yi kama da kiɗan bikin Larabawan Shuwa da ta ji tana budurwa. 'Yan majalisarku suka laƙaba maka ɗan Yahudawa. Ba ka taɓa faɗa da su ba. Amsarka ɗaya ce: "Sallata tana wurinta, kunnena ne ba shi da fasfo."

Da aikin haɗa lasifikun masallatai da gidajen biki ya samu a Omdurman, na raka ka tashar mota da hantsi. Kana tsaye jikin motar Kano ka tura mini waƙoƙin kaf a wayata, ka ce in riƙa bin labarinsu, in ka dawo za ka yi mini jarrabawa.

To ga amsa, Yaya. Suna nan, gashinsu ya fara furfura. Masu jita biyun da aka kafa ƙungiyar da su sun daɗe da fita, wannan ka sani, kuma har yau in na ji sabon kiɗansu ina jin gurbin ɗayansu, mai kaɗa udun nan, kamar gurbin haƙori. Sun rage gurnani, sun ƙara goge da muryoyin taro. Mawaƙin bai daina maganar zaman lafiya ba, sai dai yanzu zagi yake sha ta kowane ɓangare. Wasu na cewa ya ci amanar mutanensa, wasu na cewa kiɗansa wanke laifi ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba ni da wanda zan faɗa wa. Kai ka yi shiru, ba a daɗe ba Gaza ta kama da wuta. Na ga yara a waya, ana zaro su daga ƙarƙashin gini, fari fat da ƙura. Watanni ban iya kunna ko waƙa ɗaya ba. In na ga sunan ƙungiyar a wayata sai in ji kunyar kaina. Wata abokiyar aikina ta taɓa leƙa wayar ta ga rubutun Ibrananci, ta dube ni, ta janye kujerarta. Ban ga laifinta ba, ni ma ina kuka da abin da take kuka da shi. Amma kuma na san waɗannan mutanen sun ƙarar da ƙuruciyarsu suna cewa kada a kai ga haka. Na rasa yadda zan riƙe abu biyun a ƙirji ɗaya. Kai kaɗai ne za ka saurare ni har ƙarshe ba ka ce na ɓata ba.

Ban koma musu ba sai a jinyar Inna.

Yaya, Inna ta rasu. Da daminar da ta wuce ne. Ciwon ƙoda, irin wanda ya addabi garuruwanmu. Na ɗauko ta daga Nguru na kawo ta wurina, ni nake ɗibar jininta da hannuna, ina ganin sakamakon kafin likita ya gani. Ba ta sha wahala mai tsawo ba, ka kwantar da hankalinka. Wata la'asar tana kwance a tabarma, ta ce in sa mata kiɗan aljanun Bukar, amma wurin mai sanyin. Na nemo mata shi. Ta rufe ido tana ji har ya ƙare, ta ce, "Yaron nan ko yana cin abinci?" Ba ta ƙara ambaton sunanka ba bayan wannan, sai dai duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta juya kai.

An kai ta Nguru, kusa da Baba. Maza suka tafi maƙabarta, ni ina cikin mata ina tunanin wanda ya tsaya a inda ya kamata ka tsaya.

Rumfarka yanzu mai sayar da barkono ne a ciki. Allon da ka rubuta da fenti yana nan a sama, bai cire ba. In na je Nguru nakan bi ta wata hanyar.

Makon jiya Kawu Modu ya zo har Gashuwa. Ya zauna a bakin ƙofata, ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce dangi sun yi shawara, lokaci ya yi da za a tara malamai a yi maka addu'a da sadaka irin ta wanda ya riga mu. Ya ce barin mamaci babu addu'a zalunci ne. Ba da mugunta ya faɗa ba, hawaye yake. Na durƙusa na ce, "Kawu, a yi masa addu'ar matafiyi, zan dafa abincin da hannuna. Ɗayar kuwa, a ƙara mini lokaci." Ya ce zai jira har a girbe shinkafa.

Shinkafar ta fara nuna, Yaya. Ina ganinta kullum a hanyar aiki.

Ba na neman ka dawo da komai. Ba na ma neman ka dawo yanzu, in hanya ba ta da kyau. Ka ari wayar wani ka turo kalma ɗaya. In ba ka da hali, ka ba wani direba saƙon baki, zai iso, saƙonni sun sha isowa Nguru daga inda ya fi nan nisa. Duk wanda ya karanta wannan kuma ya san wani Bukar mai gyaran lasifika, dogo, mai tabon ƙuna a babban yatsan hagu, a Omdurman ko a sansanonin Chadi, don Allah ya gaya masa ƙanwarsa ba ta yarda ba tukuna.

Allah Ya tsare ka daga harsashi da yunwa da kaɗaici. Allah Ya sanyaya wa mutanen Sudan da na Gaza, da duk uwar da ke juya kai in mota ta tsaya. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haskaka makwancinsu. In kana raye, Allah Ya buɗe maka hanyar gida. In kuwa ka riga ni, Allah Ya ba ni ƙarfin da zan ce wa Kawu to.

Taka har kullum,
ƙanwarka Falmata,
Gashuwa.