Allon da Gumsu Ta Rubuta

Daga kakarka Gumsu a ƙasar Haɗejiya, zuwa ga jikana Yakubu masassaƙin jirgi a Lakwaja, angona mai rowa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, na iso, ban mutu a hanya ba, sai ka sake haƙuri. Wata biyu ina bin fataken kanwa a kan jaki, har ni da jakin muka fara kama.

Na sami ƙanena Mala da rai. Rabona da shi shekara sittin da wani abu, tun ranar da mahara suka ɗauke ni a bakin kogi. Na bar shi bai iya ɗaure wando ba, na tarar da shi babu haƙori ko ɗaya. Ya dubi tsagen fuskata, ya ce, “Yaya Gumsu,” sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ruwa ya cika fadama bana, masunta na kwance a kan gora suna yawo a kai kamar kwaɗi, ni kuwa ina cin tarwaɗa har na manta da doyarku.

Ban faɗa musu cewa ni mai bin Almasihu ce ba. Ba wanda ya tambaya. In mata sun tashi salla, sai in zauna daga baya in ce gwiwa ta hana ni, in yi tawa addu'ar a zuci.

To, ga abin dariya. Ramatu, matar babban ɗan Mala, ta same ni na fara rubuta maka takardar nan da baƙaƙen Larabci, irin yadda marigayi kakanka ya koya mini rubuta Hausa. Ta dafe ƙirji ta ce, “Iya, ashe malama ce ke kika yi shiru!” Kafin in buɗe baki ta ɗauko allo da tawada, wai kanta ke ciwo, in yi mata rubutun sha. Ka san a nan malami ke rubuta addu'a a allo, a wanke a ƙwarya a shanye. Na rasa abin yi, sai na rubuta mata: Ramatu, ki rage gishiri a miya. Ta wanke, ta shanye, ta lashe baki. Da safe ta ce ciwo ya tafi. Gishirin dai yana nan.

Yanzu mata har daga ƙetaren kogi suke zuwa, wannan da bandar kifi, waccan da shinkafa. Kakarka ta zama babbar mace. Ka gaida matarka, ka ce ta ci gaba da riƙe mini angona. Ka huta lafiya.

*

Daga Yakubu a Lakwaja, zuwa ga kakata Gumsu. Gaisuwa da ban girma da addu'ar ƙarin lafiya.

Bayan haka, takardarki ta iso, mun yi murna da kika ga ɗan'uwanki. Na karanta wa mutanen gida labarin gishiri, mun yi dariya. Daga baya na sake karantawa ni kaɗai, ban yi dariya ba.

Kaka, ki gafarce ni, yaro ne ke magana. Matan nan sun ɗauka maganar Allah suke sha. Sun kawo miki ciwonsu da imaninsu, kin ba su wasa. Kuma kin ɓoye sunan wanda kike bi. Ke kika koya mini cewa idon Allah ya riga na mutane, ranar da na toshe tsagar jirgi da laka na ce wa mai jirgin wai itace ne. Kin sa na je da ƙafata na faɗa masa.

Na sani ban yi shekara sittin ina begen gida ba, don haka bakina bai kai ba. Amma ina tambaya: wa kike tsoro a gidan nan fiye da Allah?

Muna yi miki addu'a kowace Lahadi. Ki huta lafiya, Allah ya ja kwana.

*

Daga Gumsu zuwa ga Yakubu. Ina gaishe ka, ina gaida iyali.

Bayan haka, da takardarka ta zo na ce, ji ɗan banza, jiya na gama share masa majina, yau shi ke mini wa'azi. Na cusa ta a ƙarƙashin tabarma. Sai dai tabarmar ta ƙi kwantuwa.

Kana tambaya wa nake tsoro. Mala nake tsoro. Ba don zai doke ni ba, tsoho ne, akuya ma ta fi shi ƙarfi. Yadda yake kallona nake tsoron rasawa. In baƙi sun zo sai ya ce, “Ga yayata, an sace ta tana yarinya, ta dawo da ilimi.” Duk tsawon bautata ba wanda ya taɓa nuna ni da alfahari, Yakubu. Na ji daɗi, na yi shiru.

Tun da ruwa ya fara janyewa Mala ke kwance. Tari, ƙafafu sun kumbura. Kullum da safe sai ya ce in yi masa rubutu. Na daina rubuta shirme, ina rubuta masa addu'a ta gaske da sunan Almasihu, ina ce wa raina ai wannan ba ƙarya ba ce. Ƙarya ce. Shi ya san abin da yake nufin sha, ni na san abin da na ba shi.

Shekaranjiya Malam Garba, limamin garin, ya zo duba shi. Mutumin kirki, tare suka yi ƙuruciya. Ya ce zai riƙa zuwa yana yi masa karatu. Mala ya ce, “Garba, koma ka huta, ina da malama a gida.” Malam ya dube ni, ya sunkuyar da kai don girmamawa, ya ce, “Allah ya ƙara sani, Iya.” Na amsa da amin. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Da ya fita, Mala ya kama hannuna ya ce, “Yaya, na san tafiya ta zo. Ke za ki zauna a kaina, ki yi mini karatun da ake yi wa mai barin duniya, ki laƙƙana mini kalmar shahada. Kada ki bar wa kowa.”

Ka san abin da kakarka ta ce? Na ce, to.

Ban san karatun ba. Ko na sani, ba nawa ba ne. In na ci gaba da shiru, ƙanena zai mutu ba tare da abin da ya dogara da shi duk rayuwarsa ba, ina zaune a kansa ina motsa baki. In na yi magana, watakila ya mutu yana ƙina. Na yi musun Ubangijina don kifi da kirari, yanzu ga shi zan cuci mai mutuwa.

Fatake za su tashi gobe, amsarka ba za ta riske shi ba. Ka yi mini addu'a kawai. Ka huta lafiya.

*

Daga Gumsu zuwa ga jikana Yakubu. Gaisuwa.

Bayan haka, Mala ya rasu, an yi sadakar bakwai.

Na faɗa masa washegarin tafiyar fatake, Ramatu na tsaye da ƙwaryar kunu. Na ce, “Mala, ni ba malama ba ce. Almasihu nake bi tun a Lakwaja. Abin da kuka sha ba karatunku ba ne.” Ramatu ta ajiye ƙwaryar ta fita, har yau ba ta haɗa ido da ni. Shi kuwa ya juya fuska ga bango. Can ya ce, “Kira mini Garba.” Da ƙafata na je, na kuma faɗa wa Malam dalili.

Kwana tara Malam Garba yana zuwa. Ina jin karatun daga bayan zana, ban shiga ba. A rana ta takwas Mala ya sa aka kira ni. Ya daɗe yana kallona, ya ce, “Yaya, da ranar da kika zo kika faɗa, da na yi fushin wata guda na huce. Yanzu ba ni da watan.”

Ya cika da shahada a bakinsa, Malam na riƙe da hannunsa.

Ka gaida kowa. Allah ya yafe mini.