Maganaɗisun Mayafina

Laraba, 14 ga Maris, 2018

Ummi ta yi barci, bari in gaya wa wayar nan, tunda ban iya rubutu ba. Yau Baban Ummi ya tafi da mu duba tsohuwar Marsandin da Alhaji, maigidansa, yake so a tura masa Kano. Wanda ya riga shi aikin nan a ƙasar Larabawan nan mota mai tsatsa ya tura, aka kore shi, biza ta mutu.

Motar sai ƙyalli take, Balaraben da ke sayar da ita yana ta "Yalla, habibi!", wai mu yi sauri. Baban Ummi ya manta maganaɗisunsa, ya ce, "Maman Ummi, ara min na mayafinki." Na cire, na riƙe mayafin da haƙori. Wai inda aka cike tsatsa aka shafe da fenti ba ya kamawa. Ko'ina ya kama, sai ƙasan ƙofar baya ya zame. Na ce don Allah kar ya faɗa wa Alhaji, kar ciniki ya lalace a ga laifinsa. Bai kula ni ba, ya tura hoto.

Ɗazu Alhaji ya turo murya: "Madalla, haka nake so. A gyara a loda." Gobe zan kwance akwatin da na ɗaure a ɓoye don tsoron a kore mu.