Rakiya Ta Tada Tsohon Jirginmu

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya Agadas, yaya ƙafar taka? Mu nan Yantala lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ƙaramin jirgin saman da ka koya mini tuƙi cikinsa ya kusa zama wurin kwanan kaji. Alluran agogunansa sun fara ƙarya, patron, mai kamfanin, ya ce ko a sabunta su ko a ajiye jirgin. Aka kawo sabon ekran, allon gilashi a madadin agogunan, amma tsohon pilot otomatik, wanda ke riƙe jirgi da kansa, ya ƙi jin yarensa. Ɗiyarka Rakiya, mai gyaran lantarkin jiragenmu, ta ce a bar mata. Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta sa wani ɗan akwati tsakaninsu kamar tafinta.

Ranar gwaji muka tashi tare. Muna bisa kogi na saki hannu. Wallahi jirgi ya miƙe, ko gezau! Sai na ƙwanƙwasa ekran da yatsa, yadda ka saba mana don allura ta farka. Nan take hoton ya canza. Rakiya ta yi dariya: "Tonton, wannan shafa shi ake, ba a bugunsa."

Ka gaida Hajiya da yara, ka sa mu a addu'a, musamman Rakiya. Ta bar tsohon busol ɗinka, mai nuna arewa, a wurinsa cikin jirgin, kuma kafin mu sauka na ga ta ƙwanƙwasa shi a hankali. Ta ce, "Wannan na Baba ne."

Ƙanenka,
Sani